Lowango ta Gabon: inda giwa ke fitowa daga kurmi ta taka gaɓar teku

Mu nan Nijar in aka ce kallon namun daji, abin da ke faɗo mana a rai shi ne raƙuman dawa na Kure, kan hanyar Yamai zuwa Doso. Fili ne fetal, tun daga nesa kana hango dogon wuya bisa itace. A Gabon, inda ƴan uwanmu da dama ke neman abinci, lamarin daban yake. Kusan kashi 88 cikin ɗari na ƙasar kurmi ne, irin wanda rana ba ta cika taɓa ƙasa ba. Giwa na iya tsayawa taku ashirin daga inda kake, ba ka sani ba sai ka ji reshe ya karye.

A shekarar 2002 shugaba Umar Bongo ya ware gandun daji 13 a lokaci guda, wajen kashi 10 cikin ɗari na faɗin ƙasar. Hakan ya biyo bayan tafiyar wani Ba'amurke, Mike Fay, wanda ya ratsa kurmin da ƙafa fiye da kilomita 3,000, daga Kongo har bakin teku. Wanda ya fi suna cikin gandayen shi ne Lowango, kudu da birnin Por-Janti, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,550. A nan kurmi da fadama da teku suka haɗu wuri guda.

Abin da za a gani ya danganta da wata. Lowango na kudu da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa lokacin da muke damina su suna rani. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin ruwansu, giwaye da jajayen ɓauna na fitowa bisa rairayin gaɓa. Har dorina an taɓa ɗaukar hotonta cikin igiyar teku, amma kada kowa ya biya kuɗinsa don wannan, ba kasafai ake dacewa ba. Daga Yuni zuwa Satumba dabbobin na komawa fadamun Akaka, sai a bi su da kwale-kwale. A wannan lokacin ne kuma manyan dabbobin teku da Faransawa ke kira balen ke zuwa haihuwa kusa da gaɓa.

Galibi da ƙafa ake kallon, bayan masu bin sawu, cikin laka da sauro da ƙudan tsando. Goggon biri ya fi komai wuya. Sai da masu bincike suka yi shekaru suna bin garke guda kafin ya saba da ganin mutum. Mutane kaɗan ake bari su shiga a rana, awa guda tak, da takunkumi a baki, kuma ba a matsawa kusa, don murar ɗan Adam ma tana iya kashe shi.

Giwar kurmi ba irin ta filin daji ba ce. Ta fi ƙanƙanta, kunnenta a zagaye, haurenta miƙaƙƙe yana kallon ƙasa. Macen kan kai shekara 20 da ɗoriya kafin haihuwar fari, sannan ta yi shekara 5 zuwa 6 tsakanin ɗa da ɗa. To ka ga in aka kashe su da yawa, cike gurbin sai an daɗe. A gandun Minkebe da ke arewa, mafarautan haure sun hallaka fiye da 25,000 tsakanin 2004 da 2014. Ƙidayar 2021 ta ce saura wajen 95,000 a Gabon, fiye da rabin waɗanda suka rage a duniya.

Sai dai mu da muka san wahalar gona, ba za mu tsaya kan hoto mai kyau kawai ba. Giwar da baƙo ke biyan kuɗi ya kalla, ita ce ke shiga gonar rogo da ayaba ta share aikin shekara cikin dare guda, kuma doka na kare ta. A 2021 mutanen garin Mekambo har zanga-zanga suka yi kan wannan ɓarna. Wani bincike a gandun Lope ya nuna ƴaƴan itacen kurmi sun ragu da kashi 81 cikin ɗari tsakanin 1986 da 2018, giwayen ma sun rame. Dabba mai jin yunwa kuwa ba ta san iyakar gandu ba. Yanzu ana kewaye gonaki da waya mai lantarkin hasken rana, tana aiki inda aka kafa ta, amma ba kowane ƙauye ya samu ba. A ganinmu, kuɗin masu yawon kallo can ya kamata su fara zuwa.

Lowango na da tsada, ga nisa: jirgin sama zuwa Por-Janti, sannan mota da jirgin ruwa. Ƴan uwa da ke Librabil, Pongara ta fi muku sauƙi, tsallaken ruwa ne kawai daga birnin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu manyan kunkurun teku, wasu sun haura kilo 300, na fitowa da dare su haƙa rami su zuba ƙwai wajen 80 zuwa 100, a ƙyanƙyashe bayan kamar wata biyu. A tafi da jagora, kuma kada a haska masu tocila ko fitilar salula, don haske na sa uwa ta koma ruwa ba ta yi ƙwan ba. Mai tasowa daga gida kuma ya riƙe katin rigakafin shawara, ba a shiga Gabon sai da shi, ya tuna sefarsu ba tamu ba ce ko da darajarsu ɗaya, sai an canza.