Allon Zayyana: Daga Zamanin Sifawa Zuwa Yau

Mutanen ƙasar Sin na da al'adar liƙa zane a ƙofa duk sabuwar shekararsu: masu gadin ƙofa riƙe da makamai, ko jariri ɓul-ɓul rungume da kifi, alamar wadata. Garin Yangliuqing kusa da Tianjin ya yi suna a wannan sana'a tun daular Ming. A jikin katako ake sassaƙa zanen, a buga a takarda, shekara na zagayowa a cire tsohon a liƙa sabo.

Mu a ƙasar Sakkwato zanen bikinmu na allo ne, kuma babu mutum ko dabba a ciki.

Wajen 1810 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi ya sauka kusa da shi a Bodinga. Kafin Shehu ya koma Sakkwato a 1815, wannan yanki ya cika da malamai da almajirai. Babu injin ɗab'i, kowane littafi da hannu ake kwafarsa. Marubutan Alƙur'ani su ke ƙawata farkon izu da sumuni da da'irori masu launi. Irin wannan ado ne ake gani a allon zayyana.

Idan yaro ya kusa saukar Alƙur'ani, a kai sabon allo wurin mai zayyana. Ya fiƙe alƙalamin gamba, ya dama tawadar gawayi da ƙaro, ya fara jan layi. Murabba'i cikin murabba'i, ja da rawaya da kore, har ido ya kasa gane inda layi ya fara. Tsakiya kuwa a bar ta ga Fatiha da farkon Baƙara. Ranar walima yaro ya karanta gaban malamai, sannan ya zaga dangi da allonsa, kowa ya sa albarka ya ba da abin da ya samu.

Har gobe ana sauka a makarantun allon Bodinga da Shagari, sai dai zayyanar takarda da aka buga da inji tana ture ta hannu. Haka injin Shanghai ya yi wa masu sassaƙar katako a farkon ƙarni na 20, sai a 2006 gwamnatin Sin ta sa sana'ar cikin kayan gadon ƙasa da ake karewa. Mu ma lokaci ya yi. Mai ɗan da zai yi sauka bana, ya nemi mai zayyanar hannu, ya biya shi haƙƙinsa da kyau.