Totur: Sunan da Ya Bar Inji Ya Koma Ƙarƙashin Ƙafa

In aka tambayi direba ina totur yake, abin da yake takawa da ƙafar dama zai nuna. Mai babur kuwa ya nuna hannun da yake murɗawa. Amma ainihin mai sunan yana can cikin bonet. Wani gajeren bututu ne na alminiyam, tsakanin tiyon da ya taso daga matacin iska da bakin inji, kuma a cikinsa akwai zagayayyen faifan ƙarfe da ke juyawa a kan sanda. Abin takawar nan umarni kawai yake aika masa.

Kalmar ta fito ne daga Turancin throttle, kuma ta bi hanyar da ’yan’uwanta suka bi kafin su zama Hausa. Sautin farko ya koma t, kamar yadda ya faru a tiyata. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, sai ta zubar da r ɗin. Ita kuma l ta ƙarshe ta rikiɗe ta zama r, kamar a tebur, shebur, fensir da kyandir. A can gidansu kalmar dangin maƙogwaro ce, ma’anarta ta fari kuwa shaƙe wuya. Jamusawa ma daga shaƙewa suka samo sunan wannan faifai. Faransawa siffarsa suka duba, suka ce papillon, wato malam-buɗe-littafi, saboda fikafikai biyu da ke gefen sandar. Sunan da mai karanta littafin mota na Faransanci zai tarar ke nan a Maraɗi ko Damagaram.

Mai shaƙewa dai numfashi yake tsarewa, don haka aikin totur iska ne. Mu kuwa in muna so direba ya ƙara gudu sai mu ce ya ba ta mai, ko ya ba ta wuta. A zamanin kafireto maganar tana kusa da gaskiya, domin a cikin kafireto ɗaya faifan iska da ƙofofin fetur suke zaune. Haka akasarin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna suke, bayan buɗe kamfanin a 1975, kuma a kan irinsu manyan makanikanmu suka koyi sana’a, suka gyara bakinsu. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 masu ƙera motoci suka raba aikin. Nozul ke fesa fetur, totur ke buɗe wa iska, sensa ke aunawa, kwamfutar mota kuma ta yi lissafi, kimanin awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur a ma’aunin nauyi. Wanda ya taka totur a motar yau iska ya ba ta, kwamfuta ce ke biyo shi da mai.

Inji ya sauya, baki bai sauya ba. Shi ya sa ake jin mai mota yana neman a wanke masa kafireto a motar da ba ta da shi, ko a tara komai a kira shi injekta. A nan asara take shigowa. Mu ɗauki silo, kalmar da ta samu wasali a tsakiya kamar fulogi da birki, wadda ke nufin juyawar inji a hankali mota tana tsaye. A lokacin silo faifan kusan a rufe yake, iska ta ’yar siririyar kafa take wucewa. Tururin baƙin mai da inji ke mayarwa cikin tiyon iska yana haɗuwa da ƙura, balle ta hunturu, ya zama baƙin danƙo a gefen faifan. Da kafar ta tsuke sai mota ta fara karkarwa, allurar inji ta riƙa hawa da sauka, ta mutu a danja ko in an kunna iyakwandishan. Wanda harshensa ya saba da cewa ba ta samun mai, sai ya biya kuɗin nozul da famfon mai, alhali numfashi ne ya yi mata wuya. Fashewar tiyo ko mataccen fulogi ma suna kawo irin wannan, amma duba totur abu ne mai araha.

Wankinsa aiki ne da mutum zai yi a ƙofar gida, in ya san irin nasa. Akwai mai kebur, wanda ƙafa ke ja kai tsaye, akwai mai lantarki, wanda ƙaramin moto ke juyawa, shi ne ya yawaita tun shekarun 2000. A bar inji ya huce, a zare makulli, a cire wayar batir mai alamar ragewa, a kwance kilif a janye tiyo. A fesa ruwan wankin a kan tsumma mai laushi, a goge faifan ciki da baya, da bangon bututun daidai inda yake rufewa. Tsohon buroshin haƙori ya isa, buroshin waya da sukurudireba kuwa suna kankare bangon, iska ta riƙa zurarewa. A mai lantarki kada a banƙare faifan da ƙarfi, giyoyinsa na roba ne, kada ruwa ya shiga moto ko sensa, kuma kada yatsa ya shiga ciki makulli yana kunne. In an kwance shi baki ɗaya, a sa sabon gasket.

Ko a wajen sayen gwangwanin feshi suna yana da amfani. Na kafireto ya fi zafi, yana iya cin shafen da ke bangon wasu totur da robobinsu. Sensar auna iska da ke kusa da mataci ita ma nata ruwan daban. Bayan wanki, inji kan yi gardamar tashi sau ɗaya, silo ya hau sama, domin kwamfuta ta saba buɗe faifan da yawa saboda dauɗa. Wasu motocin suna daidaita da kansu bayan ’yar tafiya, wasu sai an jona musu na’ura.

Ba za a raba direbobi da kiran abin takawa totur ba, kuma babu dalilin yin haka. Abin da muka rasa shi ne sunan da zai tsaya wa na cikin bonet shi kaɗai. Ni na zaɓi maƙogwaron inji, domin duk wanda ya ji shi ya san iska ake nufi, ya kuma san abu ne da ke iya shaƙewa. Kafin sunan ya karɓu, mai mota ya tambayi makanike wane ƙarfe ne takamaimai zai wanke, ya sa a nuna masa shi da hannu, sannan a yi ciniki.