Tayin Farko: Raunin Hankali da Amanar Ilimi

Duk wanda ya taso daga unguwar Yerimaram da safiyar Laraba ya nufi kasuwar shanun Potiskum, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, ya tsaya kusa da dillali yana sauraren yadda ake taya bijimi, mai shi na kau da kai yana cewa "albarka", haƙiƙa ya halarci darasin da masana suka daɗe suna bincike a kansa kafin su mai da shi littattafai. Mas'alar ita ce: in ɗan Adam ya zo yanke shawara a kan dukiyarsa, hankali yake bi, ko kuwa wani abu ne ke jansa bai sani ba?

Masana tattalin arziki na da sun gina ƙa'idojinsu bisa zaton cewa mutum yakan auna riba da hasara da mizani na adalci, sa'an nan ya zaɓa. Daniel Kahneman da Amos Tversky suka girgiza wannan zato da hujjar gwaji. A maƙalarsu ta 1974 sun bayyana yadda suka juya wani faifai mai lambobi a gaban mutane, sa'an nan suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda faifai ya tsaya musu a kan 10 suka ce wajen 25, waɗanda ya tsaya musu a kan 65 suka ce wajen 45, alhali lambar ba ta da wata alaƙa da tambayar. Kahneman ya sami lambar yabo ta Nobel a 2002, kuma a 2011 ya tattara wannan ilimi cikin littafinsa, Thinking, Fast and Slow.

Abin da gwajin faifan nan ya nuna shi ne sirrin tayin farko, domin shi tamkar turke ne: da zarar an kafa shi, ciniki ba ya wuce tsawon igiyarsa. Fuƙaha'unmu sun gane haka tun tuni, shi ya sa Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Muhtasar na Halil, waɗanda har yau ake biya su a zaurukan malamai, suka kawo hani a kan najashi, wato mutum ya ƙara kuɗin haja ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi na kusa da shi. Da shari'a ta ɗauka cewa mai saye ba ya ruɗuwa, da ba ta kafa masa wannan shinge ba.

Haka nan Richard Thaler da Cass Sunstein, cikin littafinsu Nudge na 2008, sun yi da'awar cewa tsari mai kyau yakan kare mutum daga son zuciyarsa. Matar da ke sayar da ƙosai, ta ware wani abu kullum ta kai wa uwar adashe, ba riba take nema ba, tun da abin da ta zuba shi za ta kwasa. Ta dai san cewa kuɗin da ya kwana a gefen zane, biki da gudunmawa za su cinye shi, saboda haka ta ɗaure hannunta da kanta.

Amma wajibi ne a karanta littattafan nan da basira, domin galibin gwaje-gwajensu an yi su ne a kan ɗaliban jami'a a ƙasashe masu wadata. Makiyayin da ya ƙi sallama saniyarsa ko da tayi ya yi kyau, mai gaggawar hukunci zai ce tsoron hasara ne ya rufe masa ido; amma wanda ya san cewa saniyar nan ita ce nononsa, da takin gonarsa, da ajiyarsa da faɗuwar darajar naira ba ta ci, zai fahimci cewa lissafin makiyayin ya fi nasa zurfi.

Abin da na tsaya a kai shi ne, sanin raunin mutum amana ce, domin ilimi guda ne ya haifi najashi ya kuma haifi adashe. Ina fata ɗalibanmu su haɗa karatun waɗannan littattafai da babin ciniki na fiƙihu, saboda gwaji yakan nuna inda ƙafa ke zamewa, shari'a kuwa ta hana ka tura ɗan'uwanka wurin. Dillalin da ya san ƙarfin turke, ya kuma kafa shi a kan gaskiyar darajar dabba, shi ne ya ci la'adarsa halal.