Tarihin Na'urorin Rage Shan Mai a Mota

Na'urorin rage shan mai su ne kayayyakin da ake sayar wa mai mota bayan motar ta baro masana'anta, a ɗaura mata ko a zuba mata a tanki, bisa alƙawarin za ta ƙara nisan tafiya da man da bai kai na da ba. Sun haɗa da kafireta ta musamman, da maganaɗisun da ake maƙala wa tiyon mai, da ƙarfe mai fukafukai da ake cusawa a hanyar shigar iska, da ƙwayoyin jefawa a tanki, da kwalbar da ke fitar da iskar haidurojin daga ruwa, sai 'yan akwatunan lantarki na zamanin nan. Kasuwarsu ta fi girma a Amurka, kuma a can aka fi gwada su a hukumance. Tarihinsu na bin farashin fetur sau da ƙafa: mai ya yi tsada su fito, ya sauka su lafa, bayan wasu shekaru su dawo da sabon suna. Mafi yawansu da aka auna ba su rage komai ba.

Zamanin kafireta

Tun mota tana sabuwar aba aka fara. A 1916 wani mai suna Louis Enricht ya tara 'yan jarida a Farmingdale da ke jihar New York, ya ɗiga wani koren ruwa a bokitin ruwa, ya zuba a tankin mota, motar kuma ta tashi. Ya ce ya samo abin da zai maye gurbin fetur a kan sisin kwabo. Labarin ya ja hankalin masu kuɗi har da Henry Ford, amma Enricht bai taɓa bayyana sirrin ba, kuma daga baya ya ƙare a gidan yari kan wata damfarar mai kama da wannan.

Wanda sunansa ya fi daɗewa a bakin mutane shi ne Charles Nelson Pogue, ɗan birnin Winnipeg a Kanada. A shekarun 1930 ya yi rajistar mallakar fasahar wata kafireta da ke ɗumama fetur ya zama tururi kafin ya shiga inji. Aka yi ta yayata cewa mota za ta yi mil 200 da galan ɗaya, wato sama da kilomita 70 da lita ɗaya. Kafiretar ba ta taɓa shiga kasuwa ba, ba a kuma taɓa tabbatar da wannan lissafi a gwajin da wani zai iya maimaitawa ba. Daga nan aka samo almarar da har yau take yawo, wai kamfanonin mai sun saye fasahar sun ɓoye. Almarar tana da rauni babba: takardun rajistar Pogue a buɗe suke, kowa na iya karanta zanensu, wa'adin kariyarsu kuma ya ƙare tun tuni. Duk mai so zai iya ƙera ta, kuma babu kamfanin mota a Japan ko Jamus da zai ga irin wannan garaɓasa ya kau da kai.

Sai dai a wancan zamani akwai ɗan ƙamshin gaskiya a maganar. Kafireta ba ta iya auna mai daidai a kowane hali, kuma motoci da yawa suna yawo ne da mai fiye da kima a cakuɗen. Na'urar da ke ƙara shigar da iska ta bayan kafireta tana iya rage ɗan wani abu a irin wannan mota, abin da bakanike ma zai yi da sukundireba. In aka zarce kuma inji ya yi zafi, ya riƙa shaƙewa, ƙarfinsa ya ragu.

Bayan 1973

A Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta ɗanyen mai, farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan 12. Aka ga dogayen layuka a gidajen mai. A 1974 Amurka ta ƙayyade gudu a manyan hanyoyi zuwa mil 55 a awa, a 1975 kuma ta kafa dokar da ta tilasta wa masu ƙera motoci rage shan mai. Juyin juya halin Iran na 1979 ya sake tayar da farashi. Waɗannan shekaru su ne kakar masu sayar da na'urori. A 1977 wani saurayi a El Paso, Tom Ogle, ya ce ya cire kafiretar wata Ford Galaxie ya sa nasa tsarin tururi, ta yi sama da mil 100 a galan. Na'urarsa ba ta kai ko'ina ba, rasuwarsa a 1981 yana matashi kuma ta ƙara wa almarar ɓoye fasaha gishiri. Wajen 1980 ma sai da aka yi rububin maganaɗisun shanu, wanda makiyayan Amurka ke ɗura wa saniya don ya kama ƙusa da guntun waya a tumbinta. Mutane suka riƙa saye suna ɗaure wa tiyon mai, alhali fetur ba ƙarfe ba ne, maganaɗisu ba ya juya shi ta hanyar da za ta shafi ƙonewarsa.

A wannan lokaci doka ta ɗora wa Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, aikin tantance irin waɗannan kayayyaki. Hanyar gwajin ita ce a ɗora mota a kan manyan gangunan ƙarfe masu juyawa a cikin ɗakin gwaji, direba ya bi tsarin gudu guda da aka zana masa, a tara hayaƙin salansa, a lissafa man da aka ƙone daga yawan sinadarin kabon da ke cikinsa. A yi babu na'urar, a sake yi da ita. Hukumar ta duba na'urori sama da 100, ba ta sami ko ɗaya da ta rage shan mai sosai ba. 'Yan ƙalilan sun nuna ɗan ragi, wasu kuma sun ƙara gurɓata hayaƙi. Abin lura game da 'yan ƙalilan ɗin shi ne akasarinsu ba su taɓa man kansa ba: akwai mai kashe na'urar sanyaya mota idan an taka totur da ƙarfi, akwai mai gargaɗin direba ya sassauta ƙafa.

Dalilin da ya sa ba sa aiki

Kusan duk tallan yana tsaye ne a kan zance ɗaya, cewa inji yana zubar da mai da yawa ba tare da ya ƙone ba. Ba haka abin yake ba. A lafiyayyen inji, man da ke fita bai ƙone ba bai wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari ba. Ko da na'ura za ta ƙone ragowar kaf, iyakar ribar ke nan, don haka alƙawarin kashi 20 ko 30 ba shi da inda zai fito. Asarar gaske tana faruwa ne bayan man ya ƙone. Mafi yawan ƙarfin da ke cikin fetur zafi yake zama, ya bi salansa da lagireto ya tafi. Injinan fetur mafi inganci da ake sawa a motocin kasuwa, irin na Toyota Prius, kimanin kashi 40 cikin ɗari suke mayarwa aiki, kuma kafin a kai nan sai da aka sake fasalin inji gaba ɗayansa. A mota ta yau da kullum abin da ke isa taya bai wuce kashi 30 ba. Wannan iyaka ce ta ilimin zafi, ƙarfen da aka cusa a bututun iska ba ya matsar da ita. Ƙarfen mai fukafukai ma, da ake cewa yana murɗa iska don ta gauraya da mai, tare hanya yake yi.

Daga baya ɗan gurbin da kafireta ta bari shi ma ya toshe. A 1976 kamfanin Volvo ya fara sa na'urar Bosch mai shinshinar iskar oksijin a hayaƙi. Da ita kwamfutar inji ke gyara yawan man da ake fesawa a kai a kai, don ya tsaya a kusan kashi 14.7 na iska kan kashi ɗaya na fetur bisa nauyi. Zuwa farkon shekarun 1990 kafireta ta ɓace daga sababbin motocin Amurka. A irin wannan mota, duk na'urar da ta saci hanya ta ƙara iska, kwamfuta za ta gani ta ƙara mai.

Motar ruwa

Stanley Meyer na jihar Ohio ya yi suna da wata ƙaramar motar rairayi da ya ce ruwa take sha. A 1996 biyu daga masu zuba masa jari suka kai shi kotu, masana suka duba na'urar suka ga ba ta wuce raba ruwa da lantarki ba, abin da aka sani tun ƙarni biyu baya. Kotu ta yanke cewa ya tafka damfara, ta umarce shi ya mayar musu da dala 25,000. Ya rasu a 1998; likitan bincike ya ce jijiyar jini ce ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, magoya bayansa kuma har yau suna cewa guba aka sa masa. Lokacin da gangar mai ta haura dala 140 a 2008, jikokin na'urarsa suka cika intanet da sunan HHO, kwalbar ruwa mai wayoyi da ake jona wa batir. A 2009 Hukumar Kula da Cinikayya ta Amurka, FTC, ta maka wani mai suna Dennis Lee a kotu kan wani nau'insu. Matsalar ita ce ruwa tokar haidurojin ne, ya riga ya ƙone. Wutar da za a kashe wajen raba shi ta fi wadda za a samu in an sake ƙone shi, kuma wutar daga injin take fitowa, wato daga fetur.

Kada a haɗa wannan da fesa ruwa a inji, wanda fasaha ce ta gaske. Jiragen saman yaƙi sun yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, BMW ma ta sa ta a M4 GTS a 2016. Aikinta sanyaya cakuɗe don inji ya ba da ƙarin ƙarfi ba tare da ya yi ƙara ba.

Ƙwayoyi da akwatunan lantarki

A 2005 mujallar Popular Mechanics ta gwada na'urori bakwai. Babu wadda ta rage shan mai, ɗaya ma ta tayar da gobara a inji. A 2006 masu FuelMax, wani maganaɗisun tiyo, suka amince su biya dala miliyan 4 bayan ƙarar FTC. A shekarar dai hukumomin Texas suka dakatar da kamfanin BioPerformance, bayan gwaji ya nuna ƙwayoyinsa naftalin ne, sinadarin kafur ɗin da ake sawa a akwatin tufafi. Damfara mafi girma a cikinsu ita ce ta Ostareliya. Kamfanin Firepower na Tim Johnston, mai hedikwata a Perth, ya tallata ƙwayar jefawa a tanki, ya ɗauki nauyin ƙungiyoyin wasanni, har ya mallaki ƙungiyar ƙwallon kwando ta Sydney Kings. Hannun jari ya fi sayarwa a kan ƙwaya. Ɗan jarida Gerard Ryle ya tona asirin, kamfanin ya rushe a 2008 da kuɗin jama'a kimanin dalar Ostareliya miliyan 100.

Sabon salo shi ne ɗan akwatin da ake sokawa a soket ɗin OBD2, wanda doka ta wajabta a motocin Amurka tun 1996 don na'urar gano matsala. A 2017 masu bincike na kamfanin Quarkslab a Faransa suka farke wani mai suna Nitro OBD2, suka tarar ba ya ko magana da kwamfutar mota. Fitilu kawai yake ƙyaftawa.

Duk da haka ana samun masu saye da ke rantsuwa sun ga canji, kuma ba lallai ƙarya suke yi ba. Shan man mota yana hawa da sauka daga tanki zuwa tanki saboda cunkoso, lodi, iska, yanayin hanya da iskar taya, kuma wannan bambancin ya isa ya haɗiye duk wani ɗan canji. Ga shi kuma wanda ya kashe kuɗi a kan na'ura yakan fara tuƙi a hankali yana sa ido a kan allurar mai. Sau da yawa ma ranar ɗaura ta ce ake canza fulogi da matatar iska.

Abin da ya yi aiki

Inda kayan ƙari suka biya kuɗinsu shi ne a manyan motoci, kuma da iskar waje suka yi faɗa. Bayan rikicin 1973, injiniyoyin NASA a cibiyar Dryden ta Kalifoniya, ƙarƙashin Edwin Saltzman, suka nuna cewa zagaye kusurwoyin mota mai siffar akwati yana rage turjiyar iska ƙwarai. Rufin da ake ɗorawa a kan tirela don ya kauce da iska ya zama ruwan dare, daga baya aka ƙara allunan gefe da ke rufe ƙarƙashin bodi, da tayoyi masu sauƙin mirginawa. Tun 2004 shirin SmartWay na EPA ke tantance irin waɗannan. Ragin kowanne 'yan kashi ne cikin ɗari, amma ga motar da ke kwana a kan hanya kuɗi ne mai kauri, kuma masu rundunar motoci suna da littafin lissafin da za su gane gaskiya.

A Najeriya, cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Kayan ƙarin da ya fi jan hankali a nan shi ne mayar da mota ko Keke ta koma amfani da iskar gas ta CNG, wanda gwamnatin tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023. Wannan ya bambanta da na'urorin da aka ambata: ba ya rage ƙarfin da inji ke buƙata, makamashi mai araha yake sauyawa, don haka ribarsa tana rataye ne da tazarar farashin gas da na fetur da kuma kusancin wurin cikawa. Tukunyar gas ɗin tana cin wuri a but, tana kuma riƙe gas a matsi mai tsanani da ya kai kusan ninki 200 na iskar sarari. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wani gidan gas a birnin Benin, hukumomi kuma suka ɗora laifin a kan tukunyar da aka haɗa da walda, wadda ba a ƙera ta don wannan matsi ba.