Ƙiba da Yunwa a Tarihin Ƙasar Adar

A yankin Keita da Buza da Madawa, cikin jihar Tawa, ƙibar mace ta daɗe tana zama shaidar wadatar gida, kuma ba a gane dalilin haka sai an waiwayi tarihin yunwa a wannan ƙasa ta duwatsu. Yunwar 1913 zuwa 1914, da ta 1931 wadda fara ta haddasa, da farin 1973 da na 1984, sun sa Adarawa suna ɗaukar rama a matsayin alamar rumbun da ya ƙare, har ma da aka soma aikin raya karkara na Keita a 1984 da kuɗin Italiya, da abinci aka riƙa biyan masu jera duwatsun tare ruwa, waɗanda akasarinsu mata ne.

Larabawan Azawak, maƙwabtansu na arewa, sun kai al'adar matuƙa, domin sukan ɗura wa yarinya madara da kunun gero tun daga lokacin da ta fara famfara har zuwa aurenta, kamar yadda Rebecca Popenoe ta bayyana a littafinta na 2004. Hausawa ba su kai nan ba, sai dai a kwana arba'in na jego ana cika mai jego da kunun kanwa da fura da nama mai yaji, kuma abin kunya ne ga miji a ga matarsa ta fita jego a rame. Daga baya ƙwayoyin buɗe ciki na masu tallar magani suka shiga kasuwanni, kuma ɓarnarsu ta fi ta ɗura, tun da ba wanda ke auna su.

A Amurka kuwa, inda ƙiba ta zama cuta, likita Edward Mason ya fara tiyatar rage tumbi a 1966, kuma a yau wasu asibitoci suna koya wa masu jiran wannan aiki cin abinci da natsuwa, wato mutum ya bambance yunwar ciki da kwaɗayin da damuwa ke kawowa. Ladabin akushi na Adar, inda yaro ke ci daga gabansa, malamai kuma ke horo da raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, ya yi kama da wannan horo, ko da yake addini da kunya da ƙarancin hatsi ne suka haife shi, a ƙasar da har bayan yunwar 2005 tamowar yara ce ke cika gadajen asibitin Madawa.