Yadda Aka Raɗa Wa Jemage Mai Hancin Bututu Suna

Wannan makon mun leƙa tsibiran Indonesiya da Papua New Guinea, mazaunin wani jemage mai cin 'ya'yan itatuwa, hancinsa kamar bututu biyu. A 1767 masanin dabbobi Pallas ya bayyana shi, ya cusa shi cikin Vespertilio, buhun da ake zuba kusan kowane jemage a lokacin. Sai 1797 Borkhausen ya ware masa rukuninsa, ya kira shi Nyctimene. Illiger ya zo da Harpyia a 1811, sunan ya daɗe a littattafai, amma a ƙa'idar masana wanda ya riga raɗawa shi ke da suna. Kuma lissafin bai rufe ba: a 2017 Nancy Irwin ta ƙara Nyctimene wrightae, wanda aka daɗe ana rikita shi da danginsa.