Hira da Alfahari da Asali a Ƙasar Dakoro

Dakoro tana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, a daidai inda noman gero yake ja da baya, ƙasar kiwo take farawa. Garin ba tsoho ba ne. Ya bunƙasa ne bayan da Turawan Faransa suka mai da shi mazaunin mulki a shekarun 1940, kuma yawancin ƙauyukan da ke kewaye da shi, manoman da suka hauro daga kudu neman gona ne suka sare dajinsu a ƙarni na 20. Don haka da wuya a sami mazaunin Dakoro da ba shi da wani gari a bayansa. Wannan Bagobiri ne mai dangi a Tsibiri, wancan Bakatsine ne daga Maraɗi ko Tasawa, ga Ba'adare daga yamma, ga Fulani da Buzaye masu bin kwarin Tarka da dabbobinsu. A irin wannan wuri alfahari da asali yana iya zama fitina, amma a hirar yau da kullum ba kasafai yake zama ba, domin al'ada ta yi masa hanya, ta kuma yi masa shinge.

Hira tana somawa da gaisuwa, gaisuwar kuwa ba ta gajarta. Ana tambayar kwana da gajiya da gida da aiki, kowace tambaya da amsarta da aka riga aka sani: gajiya babu, aiki da godiya, labari sai alheri, sanyi kuwa lokacinsa ne. A 1923 masanin al'adu Bronislaw Malinowski ya yi bayanin irin wannan magana, wadda manufarta ɗaura zumunci ce, ba isar da labari ba, kuma har yau ana kawo zancen yanayi da mutanen Ingila suke yi da baƙo a tashar jirgin ƙasa a matsayin misalinta. Wannan bayani ya dace da farkon gaisuwar Dakoro, amma bai kai ƙarshenta ba. A ƙasar da ruwan shekara yakan tsaya tsakanin milimita 300 da 400, in aka ce "ina ruwa?" aka amsa "ruwa ya yi gyara", sai tambaya ta gaskiya ta biyo baya: ina ya sauka, an yi shuka a Kornaka, ciyawa ta fito wajen Bermo da Gadabeji, nawa tiyar gero ta kai a kasuwar da ta ci jiya. Makiyayi yana yanke shawarar inda zai kora garkensa da abin da ya ji a bakin rijiya. Mutanen da iyayensu suka ga fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 ba sa ɗaukar zancen hadari a matsayin cika baki.

Wuraren hirar sanannu ne: gindin bishiya bayan la'asar, rumfar mai shayi, kasuwar dabbobi, tashar mota, da kuma fada, wato zaman samari a ƙofar gida ana dafa shayi a kan gawayi har zagaye uku, al'adar da ta bazu a biranen Nijar tun shekarun 1990. Mata suna da nasu a wajen daka da ɗibar ruwa da gidan biki. A nan ne, bayan an gama da ruwa da farashi, zance yake karkata zuwa ga wane ne ya fi wane.

Abin da ake alfahari da shi tarihi ne, ko da mai maganar bai taɓa buɗe littafin tarihi ba. Bagobiri a Dakoro yana da hujjar da ta fi ta kowa kusa, domin Birnin Lalle, ɗaya daga cikin tsofaffin mazaunan sarakunan Gobir bayan sun baro Azbin, yana cikin wannan ƙasa. Yakan tuna wa abokin hirarsa cewa an ci Alƙalawa a 1808 amma Gobir ba ta mutu ba, ta sake kafa kanta a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma ba banza ake kiranta gidan faɗa ba. Bamaraɗe yakan ce su ne Katsinawan asali, tunda gidan sarautar da jihadi ya fitar daga Birnin Katsina shi ne ya zauna a Maraɗi wajen 1819, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar garin. Bafulatani ba ya ambaton ganuwa. Yana ambaton saniya da kunya da haƙurin daji. Buzu yana da raƙumi da rawani da hanyar gishiri. Kowa yana riƙe da guntun labarin da ya ɗaga kakanninsa, yana barin wanda ya kunyata su, sai abokin zamansa ya tono masa shi.

Harshe ma abin tsokana ne, watakila ya fi kowane yawa. Hausar wannan yanki ta yamma ce: ana cewa hura da tahiya inda Bakano yake cewa fura da tafiya, ana cewa wanga da mi da ɗiya, ana zamna maimakon zama. Ɗan ci-rani da ya yi rani biyu a Kano ya dawo yana lanƙwasa harshe, ba zai gama kofin shayinsa ba sai an tambaye shi ko ya bar Hausarsa a kasuwar Kwari ne. Haka kuma in ya je can, lissafinsa na dala da jika da kalmomin Faransanci da suka shiga bakinsa suna tona asirinsa kafin ya faɗi garinsu. Daidaitacciyar Hausa ta littattafai da rediyo ta ginu ne a kan Kananci, shi ya sa mai karin yamma yakan kare nasa da zafi, yana cewa shi ne ya riƙe tsohuwar Hausa. Masana harshe sun yarda cewa karin yamma ya adana wasu tsofaffin siffofi da Kananci ya sauya, don haka iƙirarin ba fanko ba ne.

Abin da yake hana wannan duka zama zagi shi ne wasan barkwanci. Tushensa yana cikin gida. Ɗan mace da ɗan namiji, wato ƴaƴan wa da ƙanwa, taubasai ne, kuma taubashi yana da izinin faɗa wa taubashinsa abin da wani ba zai iya ba. Kaka tana kiran jikanta mijinta, tana kiran jikanyarta kishiya. Wannan sakewa tana zaune kafaɗa da kafaɗa da kishiyarta, wato kunya: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Yaro yana tasowa ya san wa ake yi wa wasa, wa ake sunkuyar wa kai, tun kafin ya san sunan wata ƙabila. Daga gida aka faɗaɗa dokar ta kai ga garuruwa da al'ummu: Gobirawa da Zabarmawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Buzaye da Zabarmawa, Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zazzagawa. A watan Muharram, bayan cika-ciki, abokan wasa suna bin juna kuɗin shara, wanda ya ƙi biya kuwa ya sha ba'a har wata shekara.

Dokokin ba a rubuce suke ba, amma kowa ya san su. Ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, kuma jama'a shi za su ba laifi. Ba a taɓa aibin mutum na ƙashin kansa, kamar ciwonsa ko talaucinsa ko abin kunyar gidansu. Ana taɓa abin da aka laƙaba wa dukan jama'arsa, son wake ko rowa ko tsoro ko ci. Sannan wasan yana tafe da haƙƙi. Bazabarmen da aka turo aiki Dakoro, ya sauka ba ya da kowa, in ya haɗu da Bagobiri mai tsage a kumatu ya ce masa "bawana, ɗauki kayan ubangidanka", ya sami mai masauki ke nan, domin wanda ya amsa wasan ya ɗauki nauyin baƙon. In rigima ta tashi tsakanin mutum biyu, abokin wasan ɗayansu yana iya shiga ya faɗa masa gaskiya tsirara, a kuma saurare shi.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan ma'anar wannan. Marcel Mauss ya rubuta a kansa a shekarun 1920. A 1940 Radcliffe-Brown ya bayyana shi a matsayin rashin ladabi da aka halatta tsakanin mutanen da suke kusa da juna amma bukatunsu suna iya karo. Marcel Griaule, wanda ya yi nazarin Dogon da Bozo a Mali, ya ɗauke shi a 1948 a matsayin wankin zuciya, inda kowane ɓangare yake fitar da dattin ɗan'uwansa. Ana yawan cewa wasan tabon tsohon yaƙi ne da ya warke, kuma wani lokaci haka ne. Sai dai abin da ake gani a Dakoro ya ƙara wani abu da waɗannan bayanai ba su ba muhimmanci ba: wasan yana ba mutum damar yin alfahari ba tare da ya zama mai girman kai ba. Bahaushe yana ƙyamar yabon kai. Amma in abokin wasa ya tsokane shi, ya buɗe masa ƙofa ke nan ya jero kakanninsa da birninsu a matsayin ramuwa, jama'a suna dariya, yara suna ji suna haddacewa. Tarihin da makarantar boko ta ba shi shafi ɗaya, a nan yake samun mai karantar da shi.

Irin wannan gasa ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. Samarin da suke cika gidajen kallon ƙwallo a Dakoro sun san gabar Liverpool da Manchester, ko da ba duka suka san cewa ta girmi ƙwallon ba, tana da alaƙa da mashigin ruwan da Manchester ta buɗe a 1894 don ta kauce wa kuɗin tashar jiragen Liverpool. Mutanen Yorkshire da na Lancashire suna zolayar juna da sunan yaƙin sarauta na ƙarni na 15, mutanen Cork a Ailan kuma suna kiran garinsu babban birni na gaskiya don su ɓata wa Dublin rai. Bambancin shi ne can babu dokar da ta hana fushi, babu kuma haƙƙin masauki ko na sulhu da ke biye da ba'ar. Inda gasar ta haɗu da addini da siyasa, kamar tsakanin magoya bayan Celtic da Rangers a Glasgow, takan kai ga jini.

Duk da haka kuskure ne a ɗauka cewa wasan barkwanci maganin kowace cuta ne. Yana aiki ne tsakanin waɗanda suke ganin juna daidai. "Bawana" a bakin Bazabarme zuwa ga Bagobiri abin dariya ne domin dukansu sun san ba gaskiya ba ne. A arewacin Dakoro da ƙasar Adar, inda akwai iyalan da har yanzu ake tuna musu cewa kakanninsu bayi ne, wannan kalma wuƙa ce. Sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a dokarta, kuma a 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke wa gwamnati hukunci a shari'ar Hadijatu Mani saboda ta kasa kare ta daga bauta. Wanda ya jefi na ƙasa da shi da wannan suna ya ce wasa yake yi, ya ci amanar al'adar.

Haka kuma wasa ba ya ƙara faɗin ƙasa. Dokar 1961 ta shata iyakar arewa ta noma don a bar wa dabbobi abin da ke bayanta, amma yawan jama'a da gajiyar gonaki sun tura gatari ya tsallake ta, burtali ya ƙuntata, rijiyoyi suka zama abin jayayya. A Oktoban 1991, a Toda da ke kudancin jihar Maraɗi, an kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara, a rikicin manoma da makiyaya. Mutanen da suka yi wannan sun san gaisuwa, sun san taubasantaka. Abin da ya rage irin wannan masifa daga baya aiki ne mai wuya: dokar ƙasar karkara ta 1993, kwamitocin filaye, dasa alamomin burtali, da sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi. Wasan yana sauƙaƙa zaman da ake yin wannan sulhu, yana sa dattijo ya iya buɗe taro da dariya, amma ba ya maye gurbinsa.

Gwamnatin Nijar ta rungumi al'adar a hukumance, tana shirya mata bukukuwa da gasa, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan barkwanci na Nijar cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Wannan ya ɗaga darajarsa a idon ƴan boko da a da suke ganinsa zancen ƙauye. Amma wasan da aka shirya a dandamali, aka ba kowa layinsa, ya rasa abin da yake sa shi aiki, wato bazata da kuma sanin juna. Barazanar da ta fi girma tana wajen gado. Yaron da ya tashi a birni bai san taubasansa ba, balle abokan wasan kakansa. Saƙon murya da ake turawa a WhatsApp kuma yana isa kunnen wanda bai san mai maganar ba, bai ga fuskarsa ba, bai san cewa tsakanin garuruwansu akwai izini ba, sai ya ji zagi inda aka nufi zumunci. Gidajen rediyon karkara da ke watsa shirye-shirye da Hausa da Fulatanci da Buzanci suna da dama a nan da babu wanda ya kai su, domin mai gabatarwa yana iya faɗin wane ne abokin wasan wane, da dalilinsa, kafin ya bar masu kira su fara jifan juna.